Likkafar Doguwa

Zamanin da Faransawa ke mulki a Dogon Dutsi, shekara biyu kafin yaƙin Jamus, an yi wani kumandan mai keke. Ba irin keken fatake ba ne mai ɗaukar buhu. Siriri ne kamar karan dawa, tayarsa ba ta fi kaurin yatsa ba, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Cikin yashin Arewa ba ya taki goma, sai a 'yar hanyar marmara da ke gaban bariki. Nan Kumandan ke kai da komowa kowace safiya, a sunkuye, sai ka ce allura ta ɓace masa. Abin da ya fi ɗaukar ido a jikin keken shi ne feda, matakan nan biyu: farin ƙarfe zalla, masu haƙora kamar zarto.

Mai kula da keken shi ne Jibo, ɗan aiken bariki, magidanci mai jar hula. Wannan hular kaɗai ta raba shi da fasa dutse a hanyar Doso, inda ake kwasar maza aikin dole.

Ranar da Kumandan zai tafi rangadi Dogon Kiriya bisa doki, ya sa tafinta ya gaya wa Jibo cewa kwana biyar zai yi, kuma in ya dawo yana so ya ga fuskarsa cikin feda.

Jibo ya kwance su ran Juma'a da hantsi, ya ɗebi toka, ya nufi tsohuwar tsamiyar da ke gindin dutse, don babu abin da ke fitar da hasken ƙarfe kamar tsamiya da toka. A hanya ya sayi nono wurin wata Bafillata. Ya zauna ya goge, ya goge, har ya hango hancinsa ciki ya yi faɗi kamar na sa. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle tsakanin saiwoyi, ya jera fedar a kai, ya ajiye ƙwaryar nono a gefe, ya tafi rijiya wanke hannu.

To, farin ƙyalle da farin ƙarfe da nono, a gindin tsamiya, ranar Juma'a. Ko jinjiri a Arewa ya san wannan kyauta ce aka kawo wa Doguwa, iskar da ke zaune cikin itacen. Jibo ne dai zaman bariki ya mantar da shi. Da ya dawo babu feda, babu ƙyalle, ƙwarya kuma an kife ta. A ƙasa ga sawun ƙananan ƙafafu da ramukan sanda. Ya san mai su: Shatu, ƙanwar kakarsa, godiyar Doguwa, wato matar da iskar ke hawa in za ta yi magana da mutane.

Ya same ta tana kaɗi a ƙofar ɗaki.

"Maraba da angona," in ji ta. "Yau ka tuna kana da mata? Ina cefane?"

"Kaka, ba wasa ya kawo ni ba. Ƙarfunan da kika ɗauka na Nasara ne."

"Ni ban ɗauki komi ba. An aje ma Mai Tsamiya, na kai mata ɗakinta. Ta yi murna kuwa. Shekara nawa ana kawo mata kaji masu mura, yau ga azurhwa."

"Ba azurfa ba ce, kuma ba ba ta na yi ba. Shanya na yi."

"Da nono kake shanya?"

Jibo ya tuɓe hula ya durƙusa. Ya ce ran Talata Kumandan zai dawo, in ya tarar da keke babu ƙafafu, hanyar Doso ce. Shatu ta murza mazari ta ce abin da ya shiga ɗakin iska ba hannun mutum ke fito da shi ba, ko hannun wa.

Asabar ya yini neman wasu. Bello, bafatake mai zuwa Birnin Kabi, ya zazzage jaka ya fito da feda biyu na baƙar roba. Aka gwada, suka ƙi shiga.

"Na ƙasar Ingilishi ne," in ji Bello. "Su da Faransi ko a ramin ƙusa ba su shiri."

Ɗanbaba maƙeri ya ce shi zai ƙera. Lahadi da azahar ya miƙo wasu abubuwa biyu baƙaƙe, kowanne ya kai nauyin ruwan gatari. Jibo ya juya su ya ce ina hasken.

"Haske? Ni hauya nike yi, ɗan'uwa. In fuska Nasaran ke son gani, saya mai madubi."

Sai ya koma wurin Shatu, wannan karon da goro.

"Ka yi hankali yanzu," in ji ta. "Ni ban iya ba ka. Amma ka tambayi mai abin da bakinka. Kira mai goge."

Litinin da la'asar aka share fili a tsakar gida. Mai goge ya ja, mata suka kama kiɗan ƙwarya, maƙwabta suka cika bakin darni. Shatu ta zauna bisa tabarma tana gyangyaɗi kamar abin bai dame ta ba. Can ta yi miƙa, ta miƙe tsaye ba sanda, bayan nan da ya shekara ashirin a tanƙware ya miƙe sak. Aka yafa mata farin zane. Muryar da ta fito siririya ce, mai ja.

"Wane na mai kuka a ƙohwata?"

Jibo ya sa goshi ƙasa. "Ni ne, ranki ya daɗe. Kuskure na yi."

"Kyauta kuskure ta?"

"A'a, ranki ya daɗe."

Aka kawo fedar cikin ƙyallensu. Doguwa ta ɗaga ɗaya, ta juya ta da yatsa, ta yi ta wulwulawa tana watsa rana a fuskokin mutane.

"Mi a amfaninsu?"

Jibo ya rasa yadda zai faɗa wa iska feda, sai ya ce likkafa ce, ta dokin ƙarfe.

"Likkahwa ba doki? Ka ba ni likkahwa ka ɓoye doki? Tun dutsen ga yana tsakuwa nike hawan 'yan Adam, duk gwiwunsu ciwo. Kawo dokin."

Jibo ya zo neman ƙafafu, ga shi za a karɓe gangar jiki. Ya ce dokin na Nasara ne, ranki ya daɗe, ba ya kwana waje.

"Ban ce shi kwana ba. In hau. In na ji daɗinai, in ara ma Nasaran likkahwata shi taka. Aro, ka ji? Ba kyauta ba."

Haka Jibo ya je bariki ya gaya wa gardin ƙofa, wato mai gadi, zai kai keke a sa masa mai. Ya ɗaura fedar a gaban jama'a. Mata huɗu suka ɗaga Doguwa suka aza bisa sirdin nan mai kama da harshen saniya, ta sa ƙafafu a likkafa, ta kama ƙaho. Jibo ya riƙe sirdi ta baya yana turawa, mai goge na biye, masu ƙwarya na biye da shi, gari na biye da su. Aka bi ta bakin kasuwa, aka zaga rijiya. A yashi tana cewa dokin rago ne. Da aka hau marmara ta ce a sake ta, Jibo ya ƙi, ta ce to ya yi gudu. Ya yi gudu har hularsa ta faɗi wani ya tsinto masa. Gardin ƙofa ya hango su, ya buɗe baki zai yi tsawa, ya ga farin zane, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, don shi ma ɗan Lugu ne, garin masu bautar iskoki.

Sau uku aka zaga kafin a koma gida. Aka sauke ta, ta yi atishawa, iska ta tafi. Shatu ta koma tsohuwa, tana laluben sanda.

"Mi ya hwaru? Mi ya tara mutane?"

Aka ba ta labari, ta riƙe baki tana mamaki, ta ce ita ba ta san komi ba. Da Jibo ya juya keke zai fita, ta jawo rigarsa ta yi ƙasa da murya.

"Angona, wani karon kak ka bi ta rijiya. Yashi ya yi yawa."

Talata Kumandan ya dawo, ya duƙa, ya ga fuskarsa cikin feda, ya ce da kyau. Laraba da safe ya hau. Bai yi nisa ba ya ga mata masu tulu sun sauke sun durƙusa. Tsofaffi suka cire takalma. Wani mai jaki ya sauka ya ja gefe, idonsa a ƙasa, daidai inda likkafar ke wulwulawa. Shekara uku yana garin ba a taɓa yi masa haka ba sai gardi na kusa da bulala. Ya dawo bariki fuska jawur don daɗi, ya zauna ya rubuta wa gwamna na Yamai doguwar takarda cewa mutanen Arewa sun soma gane girman hukuma.

Jibo ne ya kai takardar gidan waya, da jar hularsa a ka. Tun daga ranar, duk lokacin da Kumandan ya fita rangadi, keken kan buƙaci mai.