Shatin Jan Zare

…wai shara. Shara ta ce, Tsoho, kana ji daga inda kake kwance? "Inna, na kakkaɓe miki Littafin, duk ya cika da shara." Tana murmushi kuma. Salima ke nan, matar Ɗan'autanka, mai ilmin lakwal, 'yar boko — ta kama Littafi Mai Tsarki ta bango biyu ta girgiza kamar mai kaɗe tabarma. Shekara arba'in da ɗaya suka zube ƙasa. Ta sa tsintsiya.

Gashin zabon nan. Ɓawon gyaɗa. Ƙyallen zanen da na goye Ɗan'auta da shi. Jan zare…

Ni ban san harafi ba, ban kuma taɓa cewa na sani ba. Kai ke karantawa da safe a Jiratawa kafin mu tafi gona, sau uku, sau goma, har maganar ta zauna mini a ka, ni kuma in cusa alama a wurin. Gashin zabo, wurin makiyayi. Ɓawon gyaɗa, mai shuka. Ƙyalle, matar nan da ta taɓa bakin riga ta warke. A zumuntar mata in buɗe, in ɗora yatsa, in zuba — har fasto ya gaji da bin sawuna a nasa Littafin don ya kama ni da kuskure. Bai kama ba. Ko sau ɗaya.

Yanzu ga shi a cinyata, tas. Kowane shafi kamar ɗan'uwansa. Tururuwa baƙaƙe, layi-layi.

Kuma yau ne — yau ɗin nan — saƙo ya zo daga Tibiri. Indo ce, aminiyata, jiki ya ƙi. Ba ta ce a kira likita ba, ba ta ce a kira fasto ba. "A ce wa Baturiya ta zo da Littafinta." Ni. Ɗan'auta ya ce in shirya kafin rana ta take tsaka, zai kai ni a babur. In shirya me? In kai mata me?

Ba zan je ba.

Lahadi goma sha ɗaya ban taka majami'a ba, kuma ban ji kunyar kowa ba. Matan zumunta sun zo nan unguwar Zariya har sau biyu da waƙarsu da gangarsu, na ce ƙafata ke ciwo. Ƙafata lafiya lau. Da Shi nake faɗa, ba da su ba. Abu ɗaya na roƙa. Ɗaya! Ban ce kada ka mutu ba, Tsoho, wa ya zo zama? Cewa na yi a bar ka ka ga geron da ka shuka ya shiga rumbu. Kwana tara ya rage a yanka. Mai sama da ƙasa, kwana tara ne ya fi ƙarfinsa?

Ni da na bar gidan ubana dominsa… Baba na tsaye gindin tsamiya, wuƙa a hannu, jan zakara na shure-shure, ya ce in na fita kada in dawo ko gawarsa in gani. Na fita. Ban waiwaya ba. Indo ce ta biyo ni da ƙunshin kayana a ka, tana kuka, tana zagina — bayan damina biyu ita ma ta shigo majami'a. Ni na ja ta. Yanzu an ce 'yan'uwanta sun zagaye shimfiɗar, suna cewa a koma hanyar kakanni, a zubar da jini ko za a dace. Ta ƙi. Ta juya fuska bango tana jira.

Ni take jira.

To ta yi ta jira. Babu kome cikina, Indo, rijiyar ta ƙafe…

Salimar nan sai leƙe take daga madafa. Idonta ya yi ja. Na ce mata kome? Ban ce ba. Kallo ɗaya na yi mata. Ai da ta tambaya — a'a, tsaya, Baturiya. Tsaya. A ina ta same shi? A bakin taga, ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya yi gida a bango. Wa ya ajiye shi can wata uku? Da ta taɓa ganin hannuna a kai ko sau ɗaya tun da aka kawo ni gidan nan, za ta ɗauka shara ce?

Kai, rufe mini baki, Tsoho. Na san dariyar nan taka.

Yatsuna ke buɗawa, ba ni ba. Shafi. Shafi. Takardar ta yi laushi kamar tsohon zane. Nan ta kumbura… shekarar da rufin ɗakinmu ya yi yoyo, ka tashi kana kare akuya, ni ina kare Littafi, muka shanya shi kan dutsen niƙa kwana biyu, kana ta mita wai tawada za ta—

Mene wannan?

Ja. Siriri, a karkace, daga sama zuwa tsakiyar shafi. Zaren ya jiƙe a ruwan nan, ya zuba launi. Tsintsiya ta kwashe zaren, shatin ya zauna.

Iliya ne. Na san wurin nan kamar hanyar rijiya. Mutumin da ya kira wuta ta sauko, kashegari ga shi yana gudu, ya zube gindin itace cikin daji, ya ce ya ishe shi haka, a ɗauki ransa. Annabi guda! Ya yi fushi, ya kwanta. Sai aka yi masa me? Wa'azi? Aka jero masa laifinsa? A'a. Abinci aka kawo, da zafinsa, da ruwa a buta. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci. Ya ci, ya sake kwanciya — ji taurin kai — aka sake tashinsa. Ci, tafiya na gabanka. Ba a ba shi haƙuri ba. Ba a yi masa bayanin kome ba.

Kullum nan nake tsayar da kai in ce, wannan mala'ikan a hannun mace ya tashi.

To. Na ji. Kada Ka ɗauka na huce, Mai sama, ban huce ba. Maganar kwana taran nan tana nan, za mu yi ta, ni da Kai, ido da ido. Amma Indo ba za ta tafi fuskarta a bango ba. Ba da raina ba. Su zo da zakarunsu goma, zan zauna bakin shimfiɗar nan in buɗe wurin jan nan in faɗa da ƙarfi har na waje su ji. Kunun tsamiya take so, mai kauri, a dama mata a zuba a jug. Ni ma rabona da abinci tun jiya…

Ina takalmina? Ga ɗaya.

Sai dai Indo makiyayi za ta nema. Na san ta. Wurin kwarin nan mai duhu za ta ce a karanta mata, kuma sai ta ga yatsana a kan shafin, ba ta yarda da hadda. Gashin zabo ba ya zuba launi. Shafi dubu, ina zan…

Babur ya tsaya ƙofar gida. Ga Salima bakin ɗaki da kwanon fura, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Ita ta san tururuwan nan duka. Kalma uku ce, Tsoho — zo, nemo mini — ni da ban taɓa roƙon ko gishiri a gidan maƙwabta ba.

Takalmi ɗaya a ƙafa. Yatsa kan jan shati. Bakina… wai, bakin nan ya yi nauyi.