Bakin Don Logio

Shekara talatin da takwas Don Logio Paulino yana ba da labarin wasan besbal a rediyon garin, kuma ba a taɓa jin ya yi shiru ba sai in an ɗauke wuta. Ko kaza ce ta ratsa fili sai ya gaya maka gidan da ta fito. Amma akwai abin da har yaran da ke buga murfin kwalba da sandar tsintsiya suka sani: in mai jifa yana ta fitar da abokan hamayya, babu wanda ya samu bugu mai kyau a kansa, to ba a faɗa. Kowa na gani, kowa na ƙirgawa, amma baki a rufe sai an tashi.

Don Logio ya taɓa faɗa. Shekara ashirin da shida da suka wuce, amininsa Bienvenido Cuevas yana jifa, ya kai zagaye na tara, wato na ƙarshe, saura mutum ɗaya, murna ta kwashi Logio ya ce, "Jama'a, yau babu wanda ya buge Bienvenido!" Jifan da ya biyo baya, a bayan katanga aka tsinto ƙwallon. Magana zarar bunu ce. Tun ranar Bienvenido bai ƙara ce masa ko sannu ba, alhali Logio ne ya riƙe ɗansa Yeuri ranar baftisma, shi ya sa a da suke kiran juna kompadre. Gari kuma ya laƙaba masa Bakin Tsiya, kuma abin yana cin ransa.

To, Lahadin da zai yi shirinsa na ƙarshe, Yeurin ne ke jifa. Zagaye na shida ya wuce, allon maki cike da sifili. Da aka tafi talla, Amable abokin aikinsa ya matso.

"Don Logio, ka ga allo kuwa?"

"Ban ga komai ba. Idona ya mutu tun bara."

"Don Allah tsoho, ka rufa mana asiri."

"Kai dai miƙo min ruwa."

Aka dawo daga talla. Maganar tana masa ƙaiƙayi a harshe, sai ya shiga bayanin yadda matarsa Casilda ke kirɓa ayaba da man shanu. Tsakanin tafarnuwa da albasa da ƙwai yakan jefa, "An fitar da wannan," ya koma tukunya. A zagaye na takwas ya ƙare da ayaba ya koma kan jakin kakansa mai cin hula. Nan gari ya gane. Masu babur suka tsaya bakin shaguna, 'yan domino suka kife hannu. Casilda ta bugo waya: a gaya masa ba a sa tafarnuwa, amma ya ci gaba, yana ƙoƙari.

Zagaye na tara, gumi ya jiƙa masa riga. Can ƙasa ya hango Bienvenido, kai duk furfura, rediyo manne a kunne, ya juyo yana masa kallon gargaɗi. Mutum biyu suka fita, saura ɗaya. Jakin kakansa ya ci hula ta huɗu. Mai bugun ƙarshe ya ɗaga ƙwallo sama, ta yi ta tafiya kamar ba za ta sauko ba, sai ga ta a hannun mai tsaron fili ta dama, shi ma ya fita.

Fili ya kaure da ihu, ganguna da ƙahoni. Don Logio kuwa shiru.

"Faɗa mana!" in ji Amable yana girgiza shi.

"An tashi? Ka tabbata? Je ka tambayo alƙali."

"An tashi, tsoho! Ga shi can sun ɗauki yaron a kafaɗa!"

Amma bakin ya ƙi buɗuwa, tsoro ya ɗaure shi. Sai ƙofar ɗakin sharhi ta bugu. Bienvenido ne, yana haki, rediyon har yanzu a hannunsa.

"Kompadre, na hawo bene uku da wannan gwiwar. Shekara ashirin da shida ina jiran in ji maganar nan a lokacinta. Za ka faɗa ko sai na shaƙe ka?"

Daɗi ya kama Don Logio har hawaye. Ya jawo makirufo.

"Jama'a," ya ce, "yau babu wanda ya buge ɗan Bienvenido."