Wa Ya Sayi Motar Kansila?

Tun zaɓen farko da Mansir ya ci kansila a Fadaman Mada yake da wata al'ada. Kafin ya ce komai a taron kamfe, sai ya faɗi wanda ya biya kuɗin rumfa, da wanda ya kawo kujeru, har wadda ta ba da ruwan leda. Da can dariya ake yi masa. Da aka ga ya gina kwalbatin da ya yi alkawari, kuma babu mai juya shi, sai mutane suka riƙa zuwa da wuri don su ji sunayen da kunnensu.

A zaɓe na biyu aka gan shi da wata tsohuwar bas mai lasifika. Ya faɗi mai rumfa, ya faɗi mai kujeru, ya tsallake motar. Nan da nan magana ta bazu cewa wani ɗan kwangila ne a GRA, mai son filin kasuwa, ya saya masa.

"Ranka ya daɗe, ka faɗi ruwan leda ka ɓoye mota?" in ji Amos, bakaniken da ke tuƙa ta. "Jama'a sun fara ja da baya fa."

"Baffa ne ya sayar da bijimansa biyu," Mansir ya ce. Haka yake kiran mahaifinsa, Hammajoda. "Ka san Fulani da kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, ko goro bai taɓa miƙo mini a gaban mutane ba. Ta hannun ƙaninsa ya aiko da kuɗin motar, ya ce kada ya ji sunansa a lasifika."

Bayan la'asar Mansir ya je gidan tsohon, ya durƙusa daga nesa.

"Baffa, ranar Asabar zan ajiye motar. Abin da ba zan iya faɗin mai shi ba, ba zan hau ba."

Hammajoda bai dube shi ba. Ya ci gaba da tufka igiyarsa.

Ranar Asabar a wurin taron kamfe, Mansir bai gama sallama ba Zakka mai facin taya ya ɗaga murya: "Kansila, bar zancen kujeru! Motar wa?"

Mansir ya ciro makullin daga aljihu zai ajiye a kan tebur, sai wani tsoho ya miƙe daga can bayan rumfa, ya dogara sanda. Hammajoda ne, wanda bai taɓa zuwa taron ɗansa ba.

"Shanuna ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Na sayar, na ba... wancan."

"Wane wancan, Baba? Muna da yawa a nan!" in ji Zakka.

Tsohon ya nuna da sanda, fuskarsa na kallon wani gefen. "Mai yawan surutun nan."

Wurin ya kece da dariya da tafi. Zakka da kansa ya ɗauko kujera zai kai masa, amma tsohon ya riga ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya bi lungu.

Har yanzu Mansir na riƙe da makullin. Amos ya zo ya zare shi daga hannunsa.

"Sai ka ci gaba, ranka ya daɗe. Ba ka faɗi mai ruwan leda ba tukuna."