Kubar Gidanmu

Tsakanin sashen kakata Shafa'atu da na faccalarta Latifa akwai wata ƙofa da na tashi na tarar a kulle. Mazansu wa da ƙane ne, masu fataucin albasa zuwa Ƙonni. Kakana Sahabi ba ya jin kowa sai Rediyon Mosko, wansa Lauwali kuwa Muryar Amurka ce alƙiblarsa. Kullum da la'asar sai musu a kan yaƙin Angola, inda Rasha da Kyuba ke bayan gwamnati, Amurka da Afirka ta Kudu ke bayan 'yan tawaye.

Matsalar ita ce bakinsu ba ya iya "Kyuba".

"Sai an cire Kuba!" in ji Lauwali.

"Wallahi ba a cire ta!" in ji Sahabi.

Matan na ciki suna ji, ga kuma kuba ta kullewa a jikin ƙofar da ke tsakaninsu. Shafa'atu ta murza ta don kare mutuncin mijinta, Latifa ta daina yi mata magana. Mazan kuwa kwano ɗaya suka ci gaba da ci har suka koma ga Allah, ba wanda ya taɓa tambaya. Maza ke nan.

Bana ƙafa ta kwantar da Latifa. Na ga kakata na ta ƙara wa miya man shanu tana turawa ta titi, wai daga maƙwabta. Abin ya ƙona mini rai, don tsofaffin nan ba su da sauran lokacin wasa. Na haɗa zancen kubar da tarihin da nake koyar wa ɗalibai, na zaunar da kakata.

"Inna, Kyuba ƙasa ce. Sojojinta sun bar Angola tun kafin a haife ni."

"Ƙasa ta? Na'ima, ki ji tsoron Allah."

Na rantse. Na ce manyan ƙasashen sun janye sun sha hannu, 'yan ƙasar suka ci gaba da kashe juna har 2002.

"Su manyan mi yas same su?"

"Ko ƙwarzane."

"Awa mazanmu, su Malam, ke nan," ta ce.

Makullin ya ɓace tuntuni, sai kafinta na kira. Yana taɓa ƙyauren ya zube, ashe gara ta gama da shi. Kakata ta gyara lulluɓi ta tsallake, ta tsaya a kan Latifa.

"Ki sani hwa, ba cire ta munka yi ba. Gara ta."

Latifa ta dube ta sama da ƙasa, ta matsa gefen tabarma.

"Zamna. Miyarki gishiri ya yi yawa, na rasa wanda zan hwaɗa ma."

Ni dai fita na yi, don kuka ya zo mini.