Kyaftin Ba Ya Ganin Lamba

Duk wanda ya taɓa jefa ƙwallo a kwando tsakanin unguwannin Utaibiyya da Kudai a Makka ya san Kyaftin Abdulganiyyu. Shekara da shekaru yana horar da 'yan wasan jami'a, yana yi musu faɗa da Larabci, in abin ya kai shi wuya ya ƙarasa da Hausar Kano da ya gada wurin kakarsa. Da gwiwa ta ƙi, wani gidan talabijin ya ɗauke shi sharhin wasa. Nan ma bakinsa ya yi kasuwa.

Abu ɗaya ne ba wanda ya sani sai matarsa Sa'adiya: ciwon suga ya ci masa ido. Mutum yakan gan shi kamar inuwa cikin riga. Lambar da ke bayan ɗan wasa kuwa, tuni suka yi sallama.

"Abu Rim, ka faɗa musu da bakinka kafin su gano," in ji ta wata rana tana miƙa masa shayi, da laƙabin da take kiransa.

"In faɗa, su sallame ni, in dawo in zauna ina kallonki?"

"Yanzu ɗin gani na kake yi?"

Shi dai ya san yadda yake cin abincinsa. Teburin sharhi a bakin fili yake, yaran kuma yawancinsu ta hannunsa suka biyo. Wannan yana gudu kamar an ɗaure masa ƙugu, wancan takalminsa na kuka in zai juya, wani sai ya yi tari kafin ya yi jifa. Da tafiya da kunne yake kiran sunaye, bai taɓa kuskure ba.

Ranar babban wasa, bayan La'asar, ya iso zauren ya nufi teburinsa. Aka ce ai an tashe shi. An yi sabon ɗakin sharhi can sama, bayan gilashi, da sanyi da kujeru masu juyawa.

Da ya zauna sai ya kasa kunne. Ba kukan takalmi, ba tari, ba komai. Can ƙasa wasu ɗigo-ɗigo fari da kore ke yawo. Gabansa akwai ƙaramin allo, amma in zai ga abin da ke ciki sai ya manna hanci, ga kuma Talal a gefensa. Talal yaro ne mai digiri, ɗan Hausawan unguwar Jarwal da Hausar ta kusa gudu ta bar shi, kuma kowa ya san ya gaji da kujera ta biyu.

"Yau mun zama manya, ya Kyaftin," in ji Talal. "Daga nan har gashin hancin alƙali ana gani."

"Masha Allah."

Aka fara. Kyaftin ya riƙa kewaye-kewaye irin na tsohon hannu. Ya yi maganar yadda aka tsare gida, ya yi maganar koci, in Talal ya ambaci suna sai ya cafe ya ɗora. Gumi na bin bayansa duk da sanyin ɗakin. Duk shirun da Talal ya yi, sai ya ji kamar an tura shi tsallaka titi ido rufe.

Can kusa da hutun rabin lokaci wani farin ɗigo ya ɗauko ƙwallo. Ya sauke kafaɗar hagu kamar zai faɗi, ya tsaya cak, ya juya ta dama ya tashi sama. Wannan kam Kyaftin ya gani. Shi ya koyar da wannan dabarar da hannunsa, kuma mutum ɗaya ya san ya iya ta. Daɗi ya kama shi, murya ta buɗe.

"Marwan! Marwan ɗan Utaibiyya, maki uku! Yaron nan ba ya tsufa!"

Yana rufe baki Kyaftin ya tuna. Marwan ya rasu bara a hanyar Jidda. Shi da kansa ya bi gawar daga Masallacin Harami har maƙabarta. Wanda ke fili ƙanensa ne, Sami, da ya tashi yana kwaikwayon yayansa a lungu. Uwarsu kuma ba ta barin wasa ya wuce ta.

"Allah ya jiƙan Marwan," in ji Talal a hankali. "Sami ne, jama'a. Kyaftin ya tuna da ɗalibinsa."

Da aka tafi hutu darakta ya yi magana ta abin kunne, murna fal. Wai mutane na ta turo saƙo, wai Kyaftin ya sa su kuka, a ƙara irin wannan. Kyaftin ya yi godiya. Ya fara sauke numfashi ke nan sai ya ji Talal ya kashe makirufo biyun, ya jawo kujera kusa. Da Hausa ya yi magana, abin da bai taɓa yi a wurin aiki ba.

"Kawu, nawa da nawa ne a babban allo?"

Lissafin yana cikin kan Kyaftin, kamar kullum. "Arba'in da ɗaya da talatin da takwas."

"Arba'in ne. Ƙafar Sami ta taka layi, alƙalai sun rage ɗaya. Ga shi can an rubuta, kowane harafi ya kai ƙofa girma."

Kyaftin ya juya wajen da yake zaton allon yake. Wani jan haske kawai ya gani.

"Za ka gaya musu?"

"Kai ka koya wa babana riƙe ƙwallo, ba zan kai ƙararka ba. Zan riƙa kiran sunaye, kai ka yi bayanin wasa, har kakar bana ta ƙare. Daga nan ka ce musu ka gaji. Khalas, shi ke nan?"

"In kuma ban gaji ba?"

"Sai in riƙa shan ruwa in ƙwallo na hannun yaro, in bar ka da neman sunansa, Kawu."

Darakta ya ce a shirya. Kyaftin ya lalubi maɓallin makirufo bai same shi ba, Talal ya kama yatsansa ya ɗora a kai.

"Khalas," in ji Kyaftin. Ya danna, ya yi wa masu kallo barka da dawowa, sannan ya yi shiru yana jiran a gaya masa wa ke riƙe da ƙwallo.