Wayoyin Suna Cikin Kwali

…kuma wai saƙon ya isa ga kowa. Kowa! Haka shugaban tsaron jami'a ya tsaya a gabana ɗazu, a barandar asibitin nan, yana nuna min fuskar wayarsa kamar wanda ya ci gasa. "Malama, goma da minti bakwai muka tura. Mutum dubu goma sha ɗaya, duk ya shiga." Ya shiga ina? Cikin kwali ya shiga, malam! Kwalin da na tura ƙarƙashin tebur da ƙafata, wayoyi ɗari biyu da goma sha huɗu, kowace a kashe, tawa a sama. Dokar jarrabawa ce. Ku kuka rubuta ta, ku kuka buga mata hatimi.

Yaya, Autarki tana bayan ƙofar nan. Sun rufe mata hanci da baki da abin numfashi. Ban kira ki ba tukuna. Ina riƙe da wayar, ina kallon sunanki… in ce miki me?

Gas ne ya ɓalle a ɗakin gwaje-gwaje, bango ɗaya tsakaninmu da shi. Ginin duk ya watse — masu shara, masu gadi, har mai gyaran injin buga takardu ya tsere ya bar takalminsa — mu kuwa muna zaune, tagogi a rufe, ƙofa a rufe. Me ya sa tagogi a rufe? Don bara an jefo wa wani amsa ta taga. Shi ke nan, aka kafa doka. Wannan kam sun iya, wallahi. Satar amsa ta hana su barci, ran mutum kuwa ko a jikinsu.

Da akwai jiniya a saman ginin nan. Tsohuwa ce, in ta yi kuka har haƙoranka sai sun amsa. Suka cire ta. Taron bita, ɗaki mai sanyi, ruwan roba a gaban kowa, wani ɗan gaye da kwat yana nuna hotuna a bango: zamani ya wuce jiniya, yanzu cikin daƙiƙa biyar saƙo na hannun kowa. Farfesoshi sun fi ashirin a ɗakin, mutanen da suka tsufa suna ƙwace wayar ɗalibi a bakin ƙofar jarrabawa, amma ba wanda ya ce, to ranar jarrabawa fa? Ko ɗaya! Ni ma… ni ina duba takardun 'yan aji biyu a kan cinyata. Da aka yi tafi na yi.

Atisayen kuma? Ranar Asabar suka yi shi, wai kada a katse darasi. Suka kwashe ginin da ba kowa a ciki, suka rubuta an yi nasara. Tir! Aikin banza.

Wata nas ta fito… a'a, ba ni take nema ba. Ta wuce da tire. Takalminta na ƙara a kan siminti, ƙi, ƙi, ƙi, kaina kamar zai tsage.

Warin ya fara shigowa, na ji shi. Na ɗauka maganin wanke bene ne. Dogo, abokin aikina da muke gadin jarrabawar tare, ya murza hanci ya ce masu shara sun cika hannu yau. Muka yi murmushi. Murmushi fa! Tari daga baya, tari daga gefe, na buga tebur na ce a yi shiru.

Yanzu ga takarda sun miƙo min, wai in rubuta bayanin abin da ya sa ban fitar da ɗalibai a kan lokaci ba. Ni? Ni za a rataya wa? Mutum ya toshe maka kunne da hannunsa, sannan ya tambaye ka don me ba ka ji kira ba — ku raina wa wani hankali, ba ni ba. Zan rubuta. Wallahi zan rubuta, da sunan kowa, da ranar da aka sauke jiniyar, da wanda ya ce jakunkuna su zauna a waje…

Jakunkuna. Abin shaƙarta na asma yana cikin jakarta, Yaya. A waje, cikin tulin da ke bakin ƙofa. Ranar da kika kawo ta gidana da akwatinta, kika kama hannuna a kicin — "Ga 'yarki nan, ƙirjinta kawai nake ji." Na ce haba Yaya, a hannuna fa take.

Layi na uku, kujera ta biyar. Ta ɗaga hannu.

Na gani. Ba wanda zai fita kafin awa ɗaya ta cika, doka ce, kuma duk sashen sun san 'yar yayata ce. Gobe a ɗakin malamai a ce Malama ta bar 'yarta ta zaga banɗaki ta leƙa takarda? Shekara goma sha tara ba a taɓa kama ni da son kai ba. Na kau da kai. Ta sake ɗagawa. Ba ta ce Inna ba, yarinyar nan, ni na hana ta kira na haka a cikin makaranta. Leɓenta kawai ya motsa: Malama. Na nuna mata agogo, na nuna mata yatsu. Ki jira.

Ta kuwa jira. Ke kika koya mata jin magana. Har sai da kujerar ta kife, har sai da wani mai gadi ya dawo yana dukan ƙofa da ƙafa, yana ihu wai me muke yi a ciki…

Ga likita. Wannan karon ni yake nufa. Wai yana son ya san tsawon lokacin da ta yi tana fama kafin a fito da ita, ko da kintace ne, zai taimaka musu. Wai akwai wanda ya lura?

Kintace? Ni ke rubuta lokaci a allo, likita. Na juyo da alli a hannuna ke nan ta ɗaga hannun farko. Goma da kwata. Minti goma sha bakwai… na san su ɗaya bayan ɗaya.

Likitan yana tsaye da biro, yana jiran amsata.