Kifin Teku a Bungudu

"A'a, goge wannan," in ji Malam Attahiru, yana nuna zanen da tsinin takalminsa. "Na ce maka dogo nake so a kwance, kai kuma ka zana mini rijiya."

Ɗahiru mai gilashi ya ɗago daga tsugune, alli a hannunsa. Tun hantsi suke abu ɗaya a shagonsa da ke bayan kasuwar Gusau. Ya cika daɓen da zanen tankunan kifi na gilashi iri-iri, mai tsayi, mai kusurwa, mai kumburin ciki, amma kowanne sai dattijon ya samo masa aibu.

"Baba, mai tsayin nan shi masu otal ke so. Ba ya cin wuri."

"Masu otal tarwaɗa suke zubawa. Nawa kifin teku ne, da murjani mai rai. Shi murjani haske yake ci, in ruwa ya yi zurfi hasken ba ya kai masa. Kuma in abu ya faɗa ƙasa, da wane hannu zan ɗauko shi? Tsani zan kafa?"

Ai Attahiru in dai kan kifi ne, ba a kayar da shi. Ƙuruciyarsa duka a tashar jiragen ruwa ta Ikko ta ƙare. Da ya yi ritaya, abokan aikinsa suka komo gida da motoci da sababbin cututtuka, shi kuwa ya komo Bungudu da kula cike da ruwan gishiri, kifi biyu masu ruwan goro da ratsin fari, da wasu duwatsun murjani masu tsiro kamar farin kabeji. Yanzu suna cikin bahon wanki a falon gidan mahaifinsa, injin iska na ta gurnani da wutar sola. Yana son su, ba ya ɓoyewa, kuma ya ga murjanin ya fara kodewa a bahon.

Matarsa Jamila ba ta ƙi kifin ba. Zaman garin ne ya fita ranta. Tun da aka shiga wani ƙauye ta wajen Kekun Waje aka kwashi mutane, jakarta a ɗaure take a bayan ƙofa. Ƙanenta Yahaya ya ba su ɗaki biyu a Gusau, ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi. Attahiru ya ce gidan da aka binne cibiyarsa ba ya barinsa don tsoron wasu 'yan iska. Shi ya sa ma yake son tanki mai tsawon ƙafa shida a kan ginin bulo: kowa ya gani ya san zama ya zo yi.

"To ga wata shawara," in ji Ɗahiru. Ya zana ɗan murabba'i a gefe. "Ƙarami, kamu biyu kowane gefe. Mutum biyu sun ɗauke shi."

"Ƙaramin ruwa ba ya haƙuri. Da zafin Zamfara, kafin la'asar ya ƙafe, gishiri ya yi yawa, su mutu."

"Dogon kuma in aka ɗora shi aka cika, Baba, ya zauna ke nan. Ko za a raba shi da wurin sai dai da guduma."

"Abin da nake so ke nan."

Ɗahiru ya kai dubansa gefe. Attahiru ya bi idonsa zuwa bangon shagon, inda aka jingine gilasan taga da madubin kabad birjik, wasu da ragowar fenti a gefe, wani har da sitikar ayatul kursiyyu.

"Waɗannan fa?"

"Na mutanen wajenku ne, da na Tsafe. A da, aiki suke kawo mini. Yanzu sai dai su ciro na gidajensu su kawo in saya."

Attahiru ya ɗauke kai. Ya fara bayanin kaurin gilashi da ƙarfi, fiye da yadda shagon ke buƙata.

"Ni fa tun kafin ka zo na san da kifin nan," in ji Ɗahiru, yana kaɗe alli daga gwiwarsa. "Wani ɗan acaba ya ba mu labari. Wai guda ɗaya kuɗin shanu biyu ne, wai daga Makka ake kawo musu ruwa a jirgi."

"Kai! Ƙarya fure take. Gishiri ne na kanti nake damawa."

Attahiru ya yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Shi ne fa da kansa ya buɗe ƙofa, yara da manya suna shiga kallo kamar gidan biki, har daga Kwatarkwashi an zo. Daɗi yake ji in ya ga sun saki baki. Bai taɓa tambayar kansa inda labarin ke kwana ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Jamila ce.

"Malam, kana ina?" Muryarta a ƙasa take, ba kuka, ba faɗa. Wannan ya fi ba shi tsoro.

"Wajen mai gilashi. Lafiya?"

"Wasu mutum biyu sun zo a mashin ɗaya. Ban san su ba, maƙwabta ma ba su san su ba. Wai kallon kifi suka zo."

"Sai ki ce ba na nan."

"Na faɗa. Suka ce sun sani, ai kana Gusau wajen mai gilashi." Ta haɗiyi yawu, ya ji ta. "Na ce to ga yara za su raka su su gani. Malam, ko kallon ƙofar falon ba su yi ba. Katanga suke kallo. Ɗayan ya tambayi ko kana kwana a gida yau."

Attahiru ya juya. Ya dubi Ɗahiru, zuciyarsa ta ɗarsa masa wani abu, sai kuma ya tuna shi da bakinsa ya sanar a ƙofar masallaci bayan asuba inda za shi da abin da zai yo. Wa zai zarga?

"Ki fita yanzu," ya ce. "Kada ki tsaya ɗaukar komai sai jakar nan. Ki shiga motar haya ki sauka gidan Yahaya."

"Kifin fa?"

Bai zaci za ta tambaya ba. Idonsa ya ciko.

"Ki bar musu injin a kunne. Gobe da rana tsaka zan je da Yahaya."

Ya kashe wayar. A waje masu kura na ta ihun a ba su hanya, wani na cinikin albasa, kasuwa na ci kamar kullum. Ya daɗe yana kallon dogon zanen da ke daɓen.

"Ɗauko tef ɗinka na awo," ya ce wa Ɗahiru.

"Bungudu za mu, Baba? Ni gaskiya yau..."

"Nan waje."

Suka fita. Attahiru ya buɗe but ɗin tsohuwar motarsa, ya ciro taya da jak ya ajiye a ƙasa. Ɗahiru ya sunkuya ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya sake aunawa.

"Ƙaramin zai shiga," ya ce a hankali. "Amma duwatsun nan naka ba za su shiga duka ba. Sai ka zaɓa."

"Na sani," in ji Attahiru. Ya dafa murfin but ɗin da hannu biyu. "Gidan ma ai ba zai shiga ba. Yanka gilashin."